WASAN ALMARA NA KAN TEBUR: A BAR 'YAN WASA DA ZAƁINSU

Tun ba yau ba muke jin 'yan'uwa marubuta, musamman matasan cikinmu masu ta'ammali da intanet, suna kawo zancen wani wasan Turawa mai suna Dungeons & Dragons a duk sa'ad da hira ta biyo ta kan labaran almara. Wasu na yabawa, wasu na kushewa, akasarinsu kuwa ba su taɓa zama an yi wasan da su ba, abin da suka gani a bidiyo shi suke kafa hujja da shi. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata fahimta da muka ga tana neman zama gaskiya saboda yawan maimaitawa, wai wasan nan ba kome ba ne illa marubuci ya tsara labarinsa tun daga farko har ƙarshe, ya tara abokai ya bi da su ta cikinsa, su kuma su yi ta kwaikwayon muryoyi. Mun ƙi wannan magana, kuma za mu faɗi dalilinmu, domin kuwa kuskuren da ke cikinta shi ne dai kuskuren da ke cin littattafanmu.

Bari mu fara da kwance wa wanda bai san wasan ba bakin jaka. Mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye tebur, kowa da takarda da fensir. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora, shi ke riƙe da duniyar da za a shiga, da garuruwanta da dazuzzukanta da sarakunanta da dodanninta. Sauran kuwa kowa ya ɗauki tauraro guda ya shiga rigarsa, wannan barde, wancan mai sihiri, wancan ɓarawo. Sai jagora ya ce, to ga ku a bakin wani kogo, rana ta kusa faɗuwa, kuna jin ƙaurin hayaƙi na fitowa daga ciki, me za ku yi? 'Yan wasa su yi shawara su ba da amsa, shi kuma ya gaya musu abin da ya biyo baya. In abin da suka ƙudurta yana da haɗari, kamar tsallake rami ko yaudarar mai gadi, sai a jefa ɗan ludo ya raba gardama. Nasu ɗan ludon iri-iri ne, akwai mai fuska 4, da 6, da 8, da 10, da 12, da kuma babbansu mai fuska 20, wanda kowace fuskarsa ke da rabon kashi 5 cikin 100. Ba a cin wasan kamar yadda ake cin dara ko karta, kuma zama ɗaya ba ya ƙare shi. Akan yi watanni, wani lokaci shekaru, ana ɗorawa daga inda aka tsaya.

An fara buga wasan a 1974 a wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a jihar Wiskonsin ta Amurka. Mutum biyu ne suka tsara shi, Gary Gygax da Dave Arneson, kamfanin TSR ya fitar da kwafi 1,000 a bugun farko, 'yan ƙananan littattafai uku a cikin kwali, a kan dala 10. Yau ya haura shekara hamsin, kuma tun daga wancan lokaci masu yin sa ke cacar baki a kan tambaya guda: mene ne ran wasan, abin da in aka cire shi wasan ya mutu?

Masu amsa ta farko sun ce ai dodanni ne da sihiri da takubba. Wannan ita ce amsar da ta fi sauƙin rushewa. Gaskiya ne wasan ya yi aro daga marubuta almara, har ma masu riƙe da haƙƙin littattafan Tolkien suka tasam ma TSR a 1977, dole aka sauya sunayen wasu halittu da aka ɗauko kai tsaye. Shi kansa Gygax, a littafin jagora da ya fitar a 1979, ya jera marubutan da ya sha daga ƙoramarsu, irin su Robert Howard da Jack Vance da Fritz Leiber. To amma a 1977 aka fitar da Traveller, wanda ake yi a sararin samaniya cikin jiragen da ke yawo tsakanin taurari, a 1981 kuma aka fitar da Call of Cthulhu, inda 'yan wasa ke zama malaman jami'a da 'yan jarida na shekarun 1920 masu binciken abubuwan ban tsoro. An tuɓe wa wasan rigar dodanni an sa masa wata, kuma duk wanda ya zauna a teburin ya shaida abu ɗaya ake yi. Ashe riga ce.

Wannan rigar ce ma ta ruɗi mutanen Amurka har suka bar jaki suna dukan taiki. A 1979 wani ɗalibi ya ɓace daga wata jami'a a jihar Mishigan, mai binciken da aka ɗauka ya yi zaton wasan ne sanadi, jaridu suka yayata, daga baya ta bayyana matsalar yaron dabam take. Duk da haka aka yi fim a kai a 1982 da Tom Hanks a ciki, wata mata mai suna Patricia Pulling ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan a 1983, shirin talabijin na 60 Minutes ya ƙara wa wutar fetur a 1985. Aka ce ana koya wa yara tsafi. Da kamfanin ya tashi sabon bugu a 1989 sai ya goge sunayen shaiɗanu daga littattafansa don a zauna lafiya. Wasan ya ci gaba kamar ba a cire masa kome ba, abin da ke ƙara nuna ba can ransa yake ba. Wanda ya ce yaro zai zama matsafi don ya rubuta "mai sihiri" a takarda, to sai ya ce mu ma duk mun zama mayaƙa tunda mun karanta Ganɗoki.

Masu amsa ta biyu sun ce dokoki ne da lissafin faɗa. Waɗannan suna da 'yar hujja, domin kuwa wasan jikan wasannin yaƙi ne. A 1824 wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa sojojin Furushiya, wani yanki na Jamus ta yau, da wasan koyon dabarun yaƙi a kan taswira, da alƙali a tsakani yana yanke hukunci. A 1913 marubucin nan na Ingila H. G. Wells ya fitar da dokokin yaƙi da 'yan sojojin dalma. Gygax kansa, shi da Jeff Perren, sun fitar da Chainmail a 1971, wasan rundunoni ne na zamanin doki da sulke. Amma sai a duba inda aka rabu. A 1969, a jihar Minesota, wani mai suna David Wesely ya shirya wasan yaƙi a kan wani ƙagaggen garin Jamus mai suna Braunstein, sai ya ce kafin rundunoni su iso bari kowane ɗan wasa ya riƙe mutum guda a garin, wannan magajin gari, wannan mai banki, wancan shugaban jami'a. Mutane suka shiga ƙulle-ƙulle da cin amanar juna, suna yin abubuwan da ko kusa bai tanada ba, har aka tashi ba a kai ga yaƙin ba. Shi ya ɗauka wasansa ya lalace. Su kuwa suka ce yaushe za a sake. Arneson yana cikin waɗanda suka zauna a wannan tebur, kuma daga nan ya ɗauki dabarar ya gina duniyarsa ta Blackmoor, wadda ya kai wa Gygax. Ke nan ranar da aka haifi wasan ita ce ranar da shirin mai shiri ya wargaje a hannun 'yan wasa.

Kasuwa ma ta ba da shaida. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, shi kuma Hasbro ya saye shi a 1999. Aka sake dokoki a 2000, aka sake a 2008, aka sake a 2014, aka yi musu kwaskwarima a 2024. Bugun 2008 shi ya fi duk sauran tsantseni wajen lissafin faɗa, kusan kome an auna shi a kan taswira mai gida-gida, amma a lokacinsa ne jama'a da yawa suka yi ƙaura zuwa Pathfinder, wanda wani kamfani ya fitar a 2009 bisa tsofaffin dokoki. A watan Janairu na 2023 kamfanin ya nemi ƙuntata lasisin da ya bai wa ƙananan mawallafa tun 2000, masu wasa suka yi masa ca, ya janye ba shiri. Abin da ake sauyawa duk bayan 'yan shekaru, kuma masu shi su iya juya masa baya su ci gaba da wasansu, ba zai zama rai ba. Hatta ɗan ludon an taɓa ajiye shi, domin a 1991 Erick Wujcik ya fitar da wasan Amber wanda ba a jefa kome a cikinsa. Saboda haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta da jefa ɗan ludo ba, ƙofa a buɗe take gare shi.

Yanzu mun iso ga mutanenmu, masu amsa ta uku, masu cewa labari ne. Wannan ita ce amsar da ta fi daɗi a kunnen marubuci, kuma ita ce ta fi haɗari, don tana da kama da gaskiya. Kama da wane kuwa ba ta wane. An gwada ta a 1984, lokacin da TSR ya fara fitar da jerin Dragonlance, inda aka rubuta wa 'yan wasa taurarinsu, aka shata musu hanya, har aka kafa ƙa'idar cewa in wani muhimmin tauraro ya faɗi kafin lokacinsa, jagora ya yi dabara kada a ga gawarsa, don a iya dawo da shi gaba. Ƙagaggun littattafan da Margaret Weis da Tracy Hickman suka rubuta a kan wannan duniya sun yi kasuwa ƙwarai, kuma ba mu da ja a kan haka. Amma a wajen tebur, masu wasa suka raɗa wa irin wannan tsari suna, suka ce hanyar jirgin ƙasa. Kana iya leƙawa ta taga, kana iya sauya kujera, amma inda dogo ya nufa nan za ka. In jagora ya riga ya san sarki zai mutu a zama na goma ko me 'yan wasa suka yi, to mene ne amfanin tambayarsu me za ku yi? Ya zama ba'a ke nan.

Za a ce mana, to ai ga shirin Critical Role, wanda Matthew Mercer da abokansa suka fara watsawa a intanet a 2015, kuma shi ya jawo dubban mutane cikin wasan saboda daɗin labarinsa. Haka ne. Sai dai a tuna waɗannan mutane sana'arsu ke nan, ƙwararrun masu sa murya ne a finafinan zane da wasannin kwamfuta, wanda ya auna teburinsa da nasu zai kwana da takaici. Sannan kuma ko a wajensu, abin da masu kallo suka fi tunawa shi ne inda shiri ya ƙwace, kamar a 2018 da tauraron ɗaya daga cikinsu ya mutu a tsakiyar wani faɗa, ba wanda ya rubuta hakan, aka bar su da jimami na gaske a gaban kyamara. Da an san ƙarshen tun farko, da ba wanda ya zubar da hawaye.

To mene ne ran wasan? A ganinmu shi ne zaɓi mai sakamako. A sa mutum a gaban matsala, a bar shi ya yanke shawara da hankalinsa, kuma duniyar ta amsa masa da gaskiya, in ya yi wauta ya ɗanɗana kuɗarsa, in ya yi dabara ya ci riba, alhali babu ko mutum ɗaya a teburin, har jagoran, da ya san inda za a kwana. Tsofaffin dokokin sun fahimci wannan fiye da yadda ake zato. A littafin 'yan wasa na 1978, mai sihiri ɗan matakin farko yakan fara da ƙarfin rai maki 1 zuwa 4, sara ɗaya na iya aika shi lahira, kuma sihiri guda kawai yake iya yi a yini. Ƙarin girma kuwa yawancinsa daga dukiyar da aka fito da ita yake zuwa, kowane tsabar zinariya maki guda. Wannan ya sa mai hankali ba ya neman faɗa. Yakan laɓe, ya ba da cin hanci, ya haɗa dodanni biyu husuma ya wuce ta tsakaninsu. Tsoron mutuwa na gaske shi ya haifi dabara ta gaske.

Gani ya kori ji. Mun taɓa gwada abin da ɗalibanmu na ƙungiyar Hausa a makarantar da muke koyarwa, muka ɗauki labarin rijiyar Kusugu ta Daura muka mai da shi fagen wasa. Kowa ya san labarin, maciji ya tare rijiya, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙo ya zo ya sare kansa. Muka kwana biyu muna shirya faɗan, har mun tanadi jawabin da sarauniya za ta yi. Da muka kai yara huɗu bakin rijiya a matsayin matafiya, muka ce me za ku yi, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wai garin nan ba su da maginan rijiya ne? Mu haƙa wata mana." Sauran suka ce haka za a yi. Ba za mu ɓoye ba, ranmu ya sosu, kuma nan take shaiɗan ya raɗa mana mu ce sun haƙa sun tarar da dutse, su sake haƙawa su sake tarar da dutse, har su gaji su koma inda muke so. Allah Ya taimake mu muka danne. Muka tambayi kanmu, in da gaske ne, wa sabuwar rijiya za ta ɓata wa rai? Sai ga masu sayar da ruwa da tsada a sauran kwanaki shida, ga fadawan da ke da kaso a cinikin. Yaran suka shafe zama uku suna fama da mutane, macijin na kwance abinsa, kuma har yau in sun gan mu zancen da suke tayarwa ke nan. Labarin da ya fito ya fi wanda muka shirya, kuma ba mu muka rubuta shi ba.

Kada a ɗauka muna cewa jagora ya zo hannu rabbana. Masu sukar ra'ayinmu suna da gaskiya a wuri ɗaya, domin tebur marar shiri yakan zama yawon banza, mai baki ya danne mai kunya, a tashi ba a san abin da aka yi ba. Shiri wajibi ne, amma a san abin da ake shiryawa. A shirya gari da mutanensa, kowa da abin da yake so da abin da yake tsoro, a shirya abin da zai faru in ba wanda ya sa baki. Ƙarshe kuwa a bar shi a buɗe. Labari yana zuwa, amma a baya yake zuwa, kamar yadda mafarauta ke ba da labarin dawa bayan sun dawo gida.

Haka nan muna jan kunnen 'yan'uwanmu masu saurin cewa ai tatsuniya ce, mun riga Turawa. Wannan magana ta ragwanci ce. Yaran da ke gaban kaka suna amsa mata, suna taya ta waƙa, amma ba mai iya hana Gizo cin amanar da aka san zai ci, kuma ƙarshen yau shi ne ƙarshen jiya. In ana neman dangi a gida, wataƙila kalankuwa ta fi kusa, inda samari ke naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogaransu bayan kaka, kowa ya riƙe matsayinsa ba tare da rubutaccen zance ba. Tatsuniya tana da darajarta, ba ta bukatar a jingina ta da kayan wasu kafin ta tsaya.

Me ya shafe mu, mu da sana'armu alƙalami ce? Ya shafe mu ƙwarai. Ku ɗauki littattafan da muke fitarwa ku duba sau nawa tauraro ke yin abu don halinsa ya kai shi, sau nawa kuma yake yi don marubuci na sauri ya kai shafi na ƙarshe. Muguwar kishiya ta tuba ba dalili, attajiri ya faɗo daga sama da maganin talaucin jaruma, hatsarin mota ya kawar da wanda ya tsaya wa labari a hanya. Duk wannan dutsen nan ne da muka so sa wa yara a rijiya. Mai karatu yana ganewa, kamar yadda ɗan wasa ke ganewa in jagora na jan sa da igiya. Abin da ya sa Ruwan Bagaja, wanda aka buga tun 1934, bai tsufa ba har yau shi ne Alhaji Imam da Malam Zurƙe kowanne na da wayonsa, kowanne na iya kayar da ɗan'uwansa, mai karatu bai san wa zai yi dariyar ƙarshe a kowace haɗuwa ba.

Saboda haka shawararmu ga matasa masu sha'awar rubutu ita ce, ku tara abokai uku ko huɗu, ku ƙagi gari, ku sa su a bakin ƙofarsa, ku tambaye su me za ku yi, sannan ku kama bakinku ku saurara. Ba sai kun sayi littafin kowa ba. Za ku ji zafi ranar da suka yi watsi da abin da kuka kwana kuna shiryawa, amma a ranar ce za ku fara sanin yadda mutum mai rai yake motsi a cikin labari. Wanda kuma ya ga ba zai iya sakin linzami ba, to ya koma ya rubuta littafinsa, sana'a ce mai daraja, za mu saya mu karanta. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ya tara mutane a tebur ya ce musu su zaɓa, alhali ya riga ya zaɓa musu. Muna sauraron martanin masu ja a fitowa ta gaba. Allah Ya sa mu dace, amin.